Aikin ka iya shi, bakinka ne ke mutuwa gaban masu intabiyu

Ƙanena, saƙonka ya iske ni nan Maradi. Ka ce ka ƙare masta kan haɗa manhaja a Liyon ta ƙasar Faransa, katin neman aiki na wata 12 da suka ba ka saura wata 4, intabiyu biyar duk ba labari, da an ce rubuta kod, wato umarnin da ake haɗa manhaja da shi, muna kallo sai hannu ya kama rawa kai ya ɗauke. Ga wani kuma ya ce ka kawo yuro 800 ya riƙa turo maka amsa ta waya lokacin da ake tambayarka.

Wanga mutum ka toshe lambarsa yau ɗin nan. Sama da jaka 500 ke nan fa na sefa. Na ga yaron da ya bi hanyar, aikin kam ya samu, amma ya manta akwai watannin gwaji, ga injiniya irinka yakan kai wata 4, aka ce ya yi bayanin kod irin wanda ya nuna ranar intabiyu ya kasa, suka sallame shi lokacin katinsa ya kusa mutuwa, dillalin kuwa ko waya ya daina ɗauka.

Ni abin da na hango cikin saƙonka kunya ce. Mu an tashe mu ba a yabon kai, ba a kallon babba cikin ido, to can shirunka rashin sani suke ɗaukarsa. Su so suke su ji yadda kake tunani, saboda haka yi ta magana kana rubutu, ka tambaye su in tambayar ba ta fito maka ba, in ka maƙale ka ce ga inda na maƙale ga abin da zan gwada. Kuma bar cewa "mun yi" kan aikin da kai ka kwana kansa. Samu aboki kullum ya zauna yana kallonka minti 45 kana warware tambaya ɗaya da baki, ka gyara aiki guda a GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye kod ɗinsu, wanda za ka iya kare kowane layi nasa.

Batun Yaya da ke kiranka kullum kan kuɗin kayan ɗakin ƙanwarku, gaskiya bai kyauta ba, wanda takardarsa ke lilo ba shi za a ɗora ma biki ba. Faɗa mishi cikin ladabi sai ka sa hannu a kwantiragi. In nauyinsa kake ji, bar ni da shi, Juma'a bayan masallaci zan bi ta unguwar Ali Ɗan Sofo in same shi.