Wai tab za ta kori laftof? Amsa ga wani ɗan uwa

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ƙanina ya samu gurbin karatu a jami'a, ina so in saya masa abin aiki, sai wani abokina ya ce kar in ɓata kuɗi a laftof, wai zamaninta ya wuce, nan gaba kowa tab zai riƙe. Gaskiya ne? Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sa ya gama lafiya. Wannan maganar ta abokinka ai ta kwana biyu, tun 2010 ake yinta, shekarar da kamfanin Apple ya fito da tab ɗinsa mai suna iPad. Shi kansa Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, a shekarar ya kwatanta kwamfuta da babbar mota, wai za ta ci gaba da zama amma sai masu ɗaukar kaya ne za su buƙace ta, sauran jama'a ƙaramar mota ta ishe su. Kuma da farko kamar abin zai tabbata, cinikin kwamfuta ya fara ja da baya bayan 2011, ita kuwa tab sai hauhawa take har ta kai wajen miliyan 230 a 2014. Har Microsoft suka tsorata suka yi Windows 8 a 2012, suka cire maɓallin Start don komai ya koma na shafa sikirin, mutane suka yi ta ƙorafi har sai da suka dawo da shi.

To daga 2014 ɗin nan sai tab ta fara gangarowa, a 2023 ma cinikinta bai kai miliyan 140 ba. Ba laftof ce ta kayar da ita ba, waya ce. Wayoyi suka yi ta girma, yau ƙaramar Tecno ko Infinix da za ka ɗauka a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano sikirinta ya haura inci 6, to mutumin da aikinsa WhatsApp ne da Facebook da kallon fim da tura kuɗi me zai sa ya ƙara ɗaukar wani allo da ba ya shiga aljihu? Mu nan ma da yawanmu ba mu taɓa mallakar kwamfuta ba balle a ce wani abu ya maye gurbinta, da waya muka shiga intanet kuma a kanta muke.

Sai kuma lokacin korona, da aka kulle mutane a gida aka ce su yi aiki da karatu daga ɗaki, me suka ruga suka saya? A 2021 an sayar da kwamfuta wajen miliyan 340, rabon da a ga irin haka an kusa shekara goma.

Ni abin da nake gani kullum a wajen aiki shi ne wannan. Kwanaki wata ɗaliba ta shigo da iPad ɗinta mai tsada, ta rubuta firojet ɗinta kaf a kai, wallahi na jinjina mata, amma da aka zo babi na huɗu malaminta ya ce sai da manhajar SPSS za ta yi lissafin bayananta, shi kuma SPSS babu shi a iPad kwata-kwata. Ga lambar shafi ta rikice, ga teburori sun zame, ƙarshenta zama ta yi kwana uku a kan tsohuwar kwamfutar HP ta shagonmu da harafin E ɗinta ya goge. Ba ƙarfi ne tab ba ta da shi ba, a 2021 ma irin injin M1 da ke cikin MacBook, laftof ɗin Apple, shi aka sa wa iPad Pro, manhajojin ne aka rage musu fiffike. Word da Excel na tab suna buɗe fayil, ana ɗan gyara, amma aiki mai zurfi sai ka ji ka taka birki. Kuma ka lura, duk wanda ya dage sai ya yi aiki da tab, za ka ga ya saya mata kibod, ya saya mata maus, ya kafa ta a tebur, to me ya haɗa kenan in ba laftof ba, kuma da kuɗin da ya fi na laftof ɗin?

Ban ce ba ta da amfani ba fa. Wajen riƙe caji ta yi wa yawancin laftof ɗin da muke saya na hannu fintinkau, kuma a ƙasar da wuta sai an ga dama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Karanta littattafan PDF, karatun Alƙur'ani ga dattijon da idonsa ya yi rauni, zane da alƙalaminta, yara su kalli darasi, duk nan ta fi daɗi.

Amma ƙaninka rubutu zai yi, asaimen, firojet, kuma jarrabawar kwamfuta irin wadda ya yi a JAMB da kibod da maus ake yinta, gara hannunsa ya saba. Ka saya masa laftof, ko ta hannu ce, HP EliteBook ko Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad, RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, kar ya gaza 8GB, kuma ta zama mai SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri. Kafin ka biya ka sa a cire caja a gabanka ka zauna minti ashirin ka ga yadda batirin ke sauka, sannan ka buɗe Word ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya.