Kai yaro, bar makarin zoben nan inda yake

Wa'alaikumus salam. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, abin da ya hana ni amsawa saƙon murya ka turo har guda shida, ni kuma na sha gaya maka marubucin da ba zai iya rubuta tambayarsa ba ban san me zai rubuta wa jama'a ba. Sai da autata ta kunna min ɗaya bayan ɗaya ina cin tuwo. Abin da na tsinta a ciki shi ne, labarin nan naka na zoben aljani da kake saki a WhatsApp, masu karatu sun kasu kowa da hasashensa kan yadda zoben ke aiki, wata yarinya ta canko makarinsa daidai tun ba a je ko'ina ba, wani kuma ya zauna ya ƙago bayanin da kai da bakinka kace ya fi naka daɗi, shine kake tambaya ko ka canza makarin ka ba su mamaki, ko ka fito ka yi musu bayani kowa ya huta. Duka biyun kar ka yi. Da a nan zan tsaya wallahi, amma tambayar taka ta fama min wani tsohon miki, dole ka zauna ka ji.

Sama da shekara 20 kenan, lokacin kasuwar littafi tana ci, ka shiga Sabon Gari wajen masu littattafai ka ga 'yan sari daga Gusau da Katsina har Maradi suna ɗaure kaya, na yi wani littafin yaƙi mai kashi uku. Akwai boka a ciki, mugu na gaske, kuma tun a na ɗaya na kafa masa doka, duk sanda ya kira aljaninsa inuwarsa za ta ragu da taki ɗaya, taki 40 aka ba shi, ranar da ta ƙare ya mutu. Na sa wata tsohuwa mai saƙa ta faɗa wa jarumin da bakinta cewa inuwa ba a aronta, ba a gadonta, ba a saye. Shafi na 41, har gobe ban manta ba.

Lokacin babu wani guruf, adireshi muke sawa a bayan bango mutane su aiko wasiƙa. Bayan na biyu ya fito sai ga wasiƙar wani tela daga Funtuwa, bawan Allah nan ashe zama ya yi da biro yana ƙirga duk inda bokan ya kira aljani, yace ya samu 27, saura 13, don haka a ganinsa jarumin ba sai ya yaƙe shi ba, tsokanarsa kawai zai riƙa yi har ya cinye inuwarsa da kansa. Kaga wannan shi ne ainihin abin da ke cikin cikina, ko matata ban gaya wa ba. Na kwana biyu ina jin haushi, har na ɗauki biro zan sauya, Allah ya taimake ni na fasa. Na uku ya fito, boka ya faɗi da tsakar rana a tsakiyar fage babu inuwa ko ta ɗan yatsa, littafin nan sau uku ana sake buga shi. Telan nan shi kaɗai ban san mutum nawa ya sa suka saya ba, don duk wanda ya zo ɗinki sai ya ba shi labarin yadda ya riga marubuci.

To a nan ne shaiɗan ya shigo da rigar ɗan kasuwa. Ba zan kama suna ba, yana nan da ransa, yanzu cazar waya yake sayarwa. Ya zo har zaurena bayan isha'i da tsire a takarda da lemo biyu, mutumin da in na je karɓar kuɗina sai na yi sawu huɗu. Wai Malam mutane na tambayar na huɗu. Nace labari ya ƙare, boka ya mutu. Yace haba Malam, ai kai ka kashe shi kai za ka tashe shi, wa zai tuna abin da wata tsohuwa ta faɗa shekara biyu da suka wuce. Yace in buga 3,000, shi zai ɗauki 2,000 kuɗi hannu ranar da suka fito, ya ajiye min ɗan kafin alƙalami da bai kai kuɗin takarda rim goma ba. Ko rubutu ba mu yi ba, wai ai mu 'yan uwa ne. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala, na karɓa. Na sayar da babur ɗina Jincheng, matata ta ba ni kwasar adashinta, na kai wa mai injin.

Yanzu ta yaya zan ta da mutumin da na binne? Na yi sati ina juyi, ƙarshe nace ai kafin ya faɗi ya ari inuwar yaronsa ya ɓoye a cikin tulu. Ina rubutawa gabana na faɗuwa don na san abin da na taka, amma ina jin muryar mutumin nan yana cewa wa zai tuna.

Sati uku da fitowa telan ya zo da ƙafarsa. Daga Funtuwa fa, kuɗin motarsa. Ya same ni a zaure, muka gaisa cikin mutunci, ya zaro na ɗaya daga aljihu duk ya tsufa an naɗe kunnen shafin, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin maganar tsohuwar, ya miƙo min yace, Malam abu ɗaya na zo tambaya, tsohuwar nan ce ta yi ƙarya ko kai ne? Wallahi yaro na gwammace a mare ni a kasuwa. Na fara kame-kame wai ai tsohuwa ba ta san komai da komai ba, ya dube ni ya yi murmushi ya sa takalminsa. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Matan da ke ba da hayar littafi a cikin gidaje su ne alƙalan gaskiya a lokacin, mace ɗaya tace wannan bai yi ba, unguwa guda ta daina nema. Na je wajen ɗan kasuwa ranar da muka yi, yace in dawo jibi, jibi ta zama sati, sati ya zama wata, ranar nan ina zaune sai ga yara biyu da baro an jibgo min ɗaurin littattafaina a ƙofar gida ko kwance igiyar wasu ba a yi ba, wai kaya sun yi kwantai. Bai tsaya nan ba, ya zare kafin alƙalaminsa daga cikin bashin na uku da nake binsa, sannan daga baya na ji yana gaya wa 'yan sari wai marubucin ne ya rikice ya fara shirme. Shi da ya kawo tsire! Shi da yace wa zai tuna! Na kai ƙara wajen manyan kasuwa aka ce ina takarda, babu. Shekara biyu ina tafiya a ƙafa, adashin baiwar Allah nan sai da ta yafe min don ta gaji da tambaya. Rabin littattafan gara ta ci, yawancin sauran na sayar wa masu ƙosai a kilo, kuma akwai safiyar da aka aiki yaro sayen ƙosai ya dawo da shi a ƙunshe cikin shafin da bokan ke buɗe tulu, mai ya jiƙe sunana da ke saman shafin. Na ci ƙosan dai, me zan yi. Mutumin nan har yau in mun haɗu a ɗaurin aure sai ya ce Malam ya rubutu, ni kuma ince Alhamdulillahi, Allah ne kaɗai zai raba mu.

To ka ji. Mai karatu zai yarda doki ya tashi sama, zai yarda mutum ya shiga cikin kwalba, amma doka ɗaya da ka kafa da hannunka in ka karya ta ya gama da kai. Kuma wannan ba daga Turawa muka koyo ba kamar yadda ku yaran yanzu kuke zato. Macijin rijiyar Kusugu a Daura ba kullum yake hana ruwa ba, ranar Juma'a yana bari a ɗiba, ka ga doka. A tarihin Kano, tsafin Tsumburbura an kewaye shi da katanga ba mai shiga sai Barbushe, kuma abin da ake kaiwa baƙi ne, baƙin kare, baƙar kaza, baƙin bunsuru. Ka tambayi kowace tsohuwa zancen maita za ta ce maka akwai ta gado akwai ta saye, akwai ƙanƙara a ciki, kurwa ake kamawa, kuma in an gano maye sai an sa shi ya tsallaka wanda ya kama kafin ya saki. 'Yan bori ma da birninsu Jangare, gida-gida, kowane iska da danginsa da kalar kayansa da kiɗan da ake masa a garaya, Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai son ado da turare da ɓarnar kuɗi, Malam Alhaji tsoho ne mai fararen kaya, ba za ka taɓa jin an ba wannan halin wancan ba. Ba cewa nayi ka je ka zauna da su ba, Allah ya tsare mu da shirka, cewa nake mutanen da ba su taɓa riƙe biro ba sun fi ku tsare ƙa'idar labari. Ko a cikin asirai, sagau daban, kau-da-bara daban, baduhu daban, layar zana daban, kowanne da aikinsa da sharaɗinsa da makarinsa. Ku kuwa kun kwana kallon fassarar fim ɗin Chana kun dawo kuna mana mataki na ɗaya mataki na tara, jarumi ya zauna a kogo ya fito da sabon ƙarfi, ba abin da ya biya ba abin da ya rasa.

Zancen taswira da sunayen garuruwa da nisan tafiya ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya koma tallan goro. Abin da na ga ba ka da shi shi ne littafin ajiya. Ni kafin in rubuta Bismillah a labari sai na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta na rubuta kowane asiri, me yake ci, yaushe yake ƙin aiki, me ke karya shi, in rufe in sa a ƙarƙashin katifa. Da na bi nawa da babur ɗina bai tafi ba. Kai kuma na sa an buɗe min shafukanka na duba, a na 7 kace zoben baya aiki sai bayan faɗuwar rana, a na 19 ga jaruminka yana murza shi ana kiran sallar azahar. Masu hasashen naka ba su gani ba tukuna amma akwai telan Funtuwa a cikinsu, kowane guruf akwai shi. Wannan ya kamata ya hana ka barci, ba yarinyar da ta canko ba. Tunda a waya kake saki kana da damar da mu ba mu samu ba, ka nemo dalili daga cikin labarin tun kafin a tambaye ka, ko hadari ne ya rufe rana ko a ƙarƙashin ƙasa yake, amma dalilin da ba zai karya na 7 ba.

Ita yarinyar ƙyale ta. Kar ka ce ta yi daidai, kar ka ce ta kuskure, ko alamar dariyar nan da kuke mannawa kar ka sa mata. Ta canko ne saboda ka shuka alama da kyau, ranar da abin ya fito ita za ta yi maka talla kyauta. Shi kuma mai bayanin da ya fi naka daɗi, ga dabara, ɗauki bayanin nasa ka sa a bakin wani bokan ƙarya a cikin labarin, jarumi ya yarda ya bi ya sha wuya, rabin masu karatunka za su rantse shi ne gaskiya, kaga ka ci ribarsa ba ka taɓa dokarka ba. Bayani kuwa a wajen labari haramun ne a wurina, marubucin da ke shiga sharhi yana cewa abin da nake nufi shi ne, ya riga ya faɗi.

Sai abu ɗaya da ku ke yawan faɗawa ciki. Tun kafin a kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano a 2001 mun san ba a barin tsafi ya yi nasara kan mai gaskiya, mai karatunmu ma ba zai karɓa ba. Amma kar ka mai da addu'a ƙofar gudu, ka rasa yadda za ka yi da zobe sai jarumi ya ɗaga hannu komai ya narke a layi biyu, za a tambaye ka me ya hana shi ɗagawa tun shafin farko. Ya yi addu'a, ya kuma yi dabara, ya yi asara, tashi in taimake ka aka ce.

Ran Asabar bayan la'asar ina gida. Ka zo da shafukan nan biyu a rubuce a takarda, ba a waya ba, idona baya gani. Akwai ɗauri ɗaya na na huɗun nan da gara ta raga a saman silin, ka zo da tsani ko ka ari na maƙwabta, ni ba zan hau ba.