Me ke tsayar da jirgi a bakin tsohuwar tasha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Sau da yawa jirgin ƙasa kan ci birki dab da shiga babbar tashar birni, ya yi ta jira, alhali ga dandamali fayau babu jirgi. Mene ne dalili? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ba dandamali ne ya yi kaɗan ba, maƙogwaron tashar ne ya cushe. Haka ma'aikatan jirgi ke kiran wurin da layuka huɗu ko shida ke rarrabuwa su zama goma sha wani abu. A nan layi ke gitta layi, kuma sigina ba za ta ba jirginki hannu ba sai an juya ƙarafan sauya layi, sun kulle, wanda ke fita ya wuce sarai. Ƙarfe ɗaya ya ƙi kullewa, ko da tsakuwa ce ta maƙale a tsakani, duk na baya sai su yi cirko-cirko.

Abin ya fi tsanani a tsofaffin tashoshin da layi ke ƙarewa a cikinsu, domin ta inda jirgi ya shiga ta nan zai fita. A da sai an cire kan jirgin, an kai shi tantebur, wato faifan juya kan jirgi, an juya. Yanzu akan sa ɗakin direba gaba da baya, ya sauko kawai ya taka zuwa ɗaya ƙarshen, amma duk da haka kowane jirgi sau biyu yake bin maƙogwaron.

Faɗaɗawa kuwa ba ta nan kusa, gari ya riga ya kewaye tashar, ginin kuma na tarihi ne, ba a rushewa. Shi ya sa ake nutsawa ƙasa. Tashar Antwerp ta Beljiyam, wadda aka buɗe a 1905, an haƙa mata rami a ƙarƙashi, tun 2007 jirage ke ratsawa su wuce ba sai sun juya ba. Tashar St Pancras ta Landan kuwa, ta 1868, tsawo aka ƙara mata don jiragen da ke zuwa Faransa masu tsawon kusan mita 400.

Jama'a ma na da nasu laifin. Masu rakiya da masu tarbar baƙi in suka tsaya a bakin matakala, masu sauka ba sa fita da wuri, jirgi ya makara a dandamali, na waje ya ci gaba da jira. Idan alƙawarin haɗuwa za ku yi, ku zaɓi ƙarƙashin babban agogon zauren tasha.