Amsa: Idan aka samu mai a gonarmu, na waye?

Ɗan'uwa, ka ce gonarku tana kusa da Kolmani, inda aka gano man fetur tsakanin Bauchi da Gombe, kuma kana tambaya ko kamfani zai iya shiga ba da izininku ba.

Man da ke ƙarƙashin ƙasa ba na mai gona ba ne. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk mai da iskar gas, a tudu ko a ruwa. Tun da aka kafa dokar man fetur ta 2021, hukumar kula da harkar haƙar mai ta ƙasa, wato NUPRC, ce ke gudanar da gasar neman lasisin haƙar mai, ita ce kuma ke sa ido kan kamfanonin.

Haƙƙinku shi ne diyyar amfanin gona, itatuwa da gine-gine. Haka nan dokar ta wajabta wa kamfani ya zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata a asusun al'ummomin da yake aiki a yankinsu. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, abin yana damuna ƙwarai.

Kada ku sa hannu a wata takarda kafin lauya ya karanta, kuma kada ku bari dillali ya karɓi diyya a madadinku. Ku ɗauki hotunan gonar tun yanzu. Idan mai ya malala, ku kai rahoto ga NOSDRA, hukumar da ke kula da matsalar malalar mai.