Kuɗina na littafi ɗaya ne: wanne zan saya don darasin semikwandakta?

Saƙonni uku suka taru a wurina makon nan a kan abu guda: darasin semikwandakta, wato ilimin abin da ke faruwa a cikin dayod da tiransista. Na farkon zan fi daɗewa a kansa.

"Ina aji uku a sashen injiniyan lantarki a Zariya. Malaminmu ya rubuta mana sunan Sze a allo, wani na gaba da mu kuma ya ce Neamen zan nema. Kuɗina na littafi ɗaya ne, kuma tsohon bugu na samu. Wanne zan saya?"

Ƙanena, kafin ka fitar da ko sisi, koma wurin malamin ka tambaye shi wane littafin marubuci Sze yake nufi, domin littattafan biyu ne. Akwai babban, Physics of Semiconductor Devices, wanda ya fara fitowa a 1969. Wannan na masu digiri na biyu ne da masu bincike, kuma yana magana da kai ne a matsayin wanda ya riga ya san tushen. Akwai kuma Semiconductor Devices: Physics and Technology, wanda aka rubuta don ɗalibai irinka. Na sha ganin yara masu hazaƙa sun sayi babban, sun kasa wuce shafukan farko, suka koma zargin ƙwaƙwalwarsu, alhali lokacin littafin ne bai yi ba tukuna. Abin yana yi mini ciwo.

In ɗaya za ka saya, ka ɗauki littafin Neamen. Yana farawa daga tsarin ƙwayoyin silikon, ya bi da kai a hankali ta giɓin makamashi (wato makamashin da ilektiron ke buƙata kafin ya kuɓuce ya ɗauki wuta) da yadda ilektiron ke tafiya, kafin ya kai ka ga na'ura. Abin da ya fi mini komai a cikinsa shi ne misalan da aka warware mataki-mataki, da ƙananan atisaye masu amsa a gefe. Ɗalibin da ke karatu da daddare shi kaɗai, babu mai tambaya, wannan yake buƙata. Littafin Streetman da Banerjee ma yana da kyau, haka na Pierret, in su ka samu da sauƙi kada ka raina.

Ga yadda za ka gwada kowane littafi tun a shago. Buɗe babin mahaɗar p da n ka karanta shafi biyu a tsaye. Nan ne zuciyar darasin. Silikon tsantsa yana da ƙwayoyin atam kusan 5 × 10²² a kowane santimita murabba'i mai zurfin santimita ɗaya, amma ba ya ɗaukar wuta sosai. Sai a barbaɗa masa fosfaros a gefe guda ya samu rarar ilektiron (gefen n ke nan), a barbaɗa boron a ɗaya gefen ya samu guraben da babu ilektiron (gefen p ke nan). Barbaɗin kaɗan ne ƙwarai: 10¹⁶ a cikin wancan adadi yana nufin baƙo ɗaya cikin miliyan biyar. Inda ɓangarorin biyu suka haɗu, ilektiron suna tsallakawa su cike gurabe, a bar wani siririn fili wayam, a samu shingen da sai an turo wuta daga gefen da ya dace za ta wuce. Dayod ke nan. Fitilar LED, allon sola, tiransista, duk daga wannan mahaɗa suke. Littafin da ya sa ka hango wannan hoto a ranka, shi ne naka.

Maganar tsohon bugu kuwa, saya hankalinka kwance. Giɓin makamashin silikon yana nan a ilektiron-bolt 1.12, na jameniyam 0.66, ba su canza ba. Abin da ke canzawa shi ne jerin babi da lambobin tambayoyi. A Neamen ɗin kansa, bugu na uku ya gabatar da tiransista mai mahaɗa biyu kafin mosfet (wani nau'in tiransista), na huɗu kuma ya juya su. Don haka in malam ya ce a yi tambaya ta kaza, ɗauki hotonta daga littafinsa.

Akwai wani tarko da ke cinye wa ɗalibai maki. Adadin masu ɗaukar wuta, wato ilektiron ko gurabe, a silikon tsantsa, Neamen yana amfani da 1.5 × 10¹⁰, Pierret kuma 1 × 10¹⁰. Ka lissafa shingen mahaɗar da aka barbaɗa wa 10¹⁶ a kowane gefe: da na farko za ka samu kusan bolt 0.695, da na biyu 0.716. Babu wanda ya yi kuskure. Tun makon farko ka tambayi malam wane adadi yake so, ka rubuta shi a bangon littafinka na rubutu.

"Ni mai gyaran inbata da kayan sola ne a Sakkwato, ban yi jami'a ba. Ina canza mosfet kullum amma ban san dalilin ƙonewarsu ba. In sayi irin littafin nan?"

Malam, wannan tambaya ta faranta mini rai, amma kada ka fara da shi. Babi uku na farko lissafi ne mai nauyi wanda ba zai taimake ka a kan teburin gyara ba. Nemi littafin da'irorin lantarki na matakin difloma, irin na Boylestad da ake koyarwa da shi a kwalejojin fasaha, sannan ka saba da karanta takardar bayanin kowace na'ura, wadda kamfanoni ke sakawa kyauta a intanet. A ciki za ka ga cewa turjiyar mosfet tana ƙaruwa in ya ɗauki zafi, turjiyar kuma tana ƙara masa zafi. Inbatar da aka kulle a ɗaki marar iska a watan Afrilu, fanka ta cushe da ƙura, tana kan hanyar dawowa shagonka.

Gwada wannan gobe da safe. Sa mitarka a ma'aunin dayod, ka kama dayod mai lamba 1N4007 da ita, ka kusantar da ƙarfen narka dalma ba tare da ka taɓa ba. Za ka ga lambar tana sauka, kusan milibolt 2 a kowane digiri ɗaya. Wannan ne dalilin da allon sola ke rage ƙarfi da tsakar rana a garinku. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a digiri 25, kuma yawancin allunan silikon suna asarar kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri sama da haka. Shi ya sa barin sarari tsakanin allo da kwanon rufi yake da amfani. Mosfet ɗin da kake canzawa kuwa, Mohamed Atalla, haifaffen Masar, da abokin aikinsa Dawon Kahng ne suka ƙirƙiro shi a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1959.

"Ana sayar mana da kundin amsoshin tambayoyin littafin. In saya? Kuma sai da kwamfuta mai tsada za a iya darasin?"

Ƙanwata, riƙe kuɗinki. Wanda ya ga amsa kafin ya sha wahalar tambaya, ranar jarrabawa hannunsa zai tsaya a layi na biyu. Ki samu ƙawaye biyu ku riƙa warwarewa kowa da kansa, sannan ku kwatanta. Kwamfuta mai tsada ba dole ba ce: manhajar LTspice ta gwada da'irar lantarki kyauta ce kuma tana tafiya a tsohuwar kwamfuta. Laccocin NPTEL na Indiya suna nan a YouTube, Chenming Hu na jami'ar Berkeley kuma ya saka babi-babin littafinsa kyauta a shafinsa. Kuɗin kundin amsoshin ki sayi kalkuleta ta kimiyya mai kyau da shi, ki ƙara da mita da 'yan dayod, ki zana layin wuta da bolt na dayod ɗaya da hannunki kafin ku kai babin a aji.