Babbaƙu da Farfaru: Amsoshi Kan Ciwon Hanta, Gado da Kansa

Wasiƙu uku na haɗa a wannan makon, domin duk a kan hanta suka tsaya.

Ta farko daga wata ma'aikaciyar jinya ce a Funtuwa. An ba ta takarda ta fassara don ranar 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, sai ta ci karo da kalmar efijenetik. Takardar ta ce ta wannan hanya ƙwayar cutar hanta ke jan mutum zuwa kansa, wato ciwon daji. Ta ce: "Allah gafarta Malam, yaya zan faɗi wannan yadda kakata za ta gane?"

Malama, ki mayar da kakar taki makarantar allo. Yaro yana farawa da babbaƙu, sai ya ƙware a kai shi farfaru. Rubuta kaf da ra a allo, ki sa wa kaf wasali ƙasa, kin sami kira. Goge ki sa wasali bisa, ya zama kara, na dawa. Baƙi ko ɗaya bai motsa ba, amma karatu ya canja. To, littafin da ke cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu, wanda ake kira DNA, da baƙaƙe huɗu kacal aka rubuta shi. Kwafin da ke cikin hanta da wanda ke cikin ido ɗaya ne. Abin da ya sa hanta take hanta shi ne alamomin da ke bisa rubutun, masu cewa karanta nan, tsallake can. Wasu alamomin ƙananan sinadarai ne da ake kira metil, suna manne a kan baƙin. Wasu kuma a jikin furotin ɗin histon suke, wanda DNA ke nannaɗe kamar zare a mazari: in an ɗaure tamau ba a iya karantawa, in an sassauta a karanta.

Wani masanin Ingila, Conrad Waddington, shi ya ƙirƙiro kalmar efijenetik a 1942, kuma gaɓar "epi" a Girkanci tana nufin a bisa. Na yi dariya ni kaɗai ranar da na lura da haka, don mu ma wasali bisa muke cewa. Saboda haka shawarata: ki rubuta sauyin wasalin ƙwayoyin gado. Ki ajiye sauyin baƙi don inda rubutun kansa ya lalace. Misalinsa yana cikin rumbunmu: gyaɗa ko masarar da aka ajiye da danshi ta yi fumfuna tana fitar da gubar aflatoksin, ita kuwa baƙi ɗaya take musanyawa a ƙwayar gado mai suna TP53, a gurbi na 249. Wannan kuskuren alƙalami ne a babbaƙu.

Ƙwayar cutar hanta nau'in B kuwa da hannu biyu take ɓarna. Tana cusa guntun rubutunta cikin namu, sannan tana da wani furotin, HBx, mai zuga ma'aikatan da ke ɗora metil su ɗora inda bai kamata ba. Akwai ƙwayoyin gado irin su p16 da RASSF1A waɗanda aikinsu birki ne, su ke ce wa ƙwayar halitta ta daina hayayyafa. Su ake lafta wa metil har su yi tsit. Birki na nan a motar, ba a cire ba, amma ba ya ci. In kina so ki ce an sa musu ɗauri, ki ce, sai dai ki sani kwatancen ya ɗan yi ɗingishi a nan, domin ɗauri a allo wasali kawai yake hana baƙi, ba ya kashe muryarsa duka. Alaramma zai kama ki, likita ba zai kula ba.

Wasiƙa ta biyu ta fi nauyi. Wani bawan Allah daga Maraɗi ya ce mahaifiyarsa da kawunsa da yayansa duk ciwon hanta ne ajalinsu, ciki ya kumbura, jiki ya rame. Dangi na cewa gado ne, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yana tambaya ko karin maganar ya hau.

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙansu, ya ba ku haƙuri. Karin maganar bai hau ba. Ana faɗinsa ne a kan hali ko gwaninta da ɗa ya ɗauko daga iyaye, yawanci ma don yabo. Gudun barewa a babbaƙunta yake. Abin da ya fi yawan bin gida irin haka baƙo ne da ya shigo ranar haihuwa. Nau'in B yana bin jini daga uwa zuwa jariri, ko tsakanin yara ƙanana a gida ɗaya, ko ta askar da ba a tsabtace ba. Jaririn da ya kamu a lokacin haihuwa, kusan tara cikin goma cutar na zama a jikinsa har girma. Babba in ya kamu, waɗanda take zame musu ba su kai biyar cikin ɗari ba. Shekara talatin, arba'in tana zaune shiru tana sake wasali, sai 'yan ɗaki ɗaya su fara faɗuwa a jere, mutane su ce gado.

Ga hujjar da ta fi gamsar da ni. Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar rigakafin nau'in B a 1984, kuma kansar hanta a tsakanin yaran ƙasar ta ragu a fili. Da gado ne na tsatso, allura ba za ta taɓa shi ba. Ku je a gwada jinin kowa a gidan. Mai ita akwai maganin da ke danne ta, irin su tenofobir, marar ita a yi masa allura, jariri kuma a yi masa cikin awa 24 da haihuwa.

Kada ku ce ai ba mu ga shawara ba. Shawara, wato ido da fitsari su yi ɗorawa, alama ce kawai, kuma zazzaɓin cizon sauro ko sikila ma na iya kawo ta. Da yawa suna ɗauke da ciwon hanta idonsu fari tas. (Wancan shawarar ta ba da ra'ayi daga Larabci take, dangin shura.)

Ta uku daga wani bawan Allah ce a Kano. Ya sha maganin ciwon hanta nau'in C, gwaji ya nuna ƙwayar ta tafi, amma likita ya ce ya riƙa zuwa hoton ciki duk wata shida. Ya ce: "Kenan an kashe maciji ba a sare kansa ba?"

Ka kusa, Malam, amma ba daidai ba. Wannan karin maganar na aikin da aka bari rabi ne, abokin gaba na iya farfaɗowa. Magungunan yau na mako 8 zuwa 12 suna kawar da nau'in C a sama da kashi 95 cikin ɗari na masu shan su. Macijin ya mutu, kan ma an sare. Abin da ya rage aikin da ya riga ya yi ne. Nau'in C ba ya cusa rubutunsa cikin namu, amma a 2019 masu bincike a Strasbourg ta Faransa sun nuna cewa alamomin da ya sauya a kan histon suna iya zama a hanta bayan warkewa. Ga kuma tabo, in hantar ta riga ta ƙanƙance ta yi tauri. Haɗarin kansa ya ragu ƙwarai, bai dai kai sifili ba, shi ya sa likitanka bai sallame ka ba.

Na duba ƙwaƙwalwata ban sami karin maganar da ya zauna daram a kan wannan ba. Wanda ya san wani a garinsu ya aiko, ya faɗa mini kuma a bakin wa ya ji shi.