Abin da ya sa Paranoid bai tsufa ba

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa har yau ake jin faifan Paranoid na ƙungiyar mawaƙa ta Black Sabbath, da kuma abin da ya hana kiɗanka yin nauyi irin nasa. Sirrin yana hannun Tony Iommi, makaɗin jitar ƙungiyar. Inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'anta a Birmingham, shi ya sa yake sa siraran tsirkiya a jitarsa Gibson SG. A faifan Paranoid na 1970 bai ma sassauta tsirkiyar don sautin ya yi kauri ba. Sai a faifan Master of Reality na 1971 ya yi hakan. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika ƙarar lasifika har sautin ya cakuɗe. Rage ta. Danna tsirkiya biyu masu kauri a gaɓa ta 12 ta wuyan jitar, ka ɗan danne su da gefen tafin hannun da kake kaɗawa da shi.